Wata Uku da Fuskar Nomau

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar gida ba. Zamanin soja ne, an rufe makarantarmu a Yamai bayan yajin ɗalibai, wani ya raɗa mini cewa sunana yana cikin wata takarda a komisariya, ofishin ƴan sanda, ni kuwa ban tsaya na je na duba ko sun rubuta shi daidai ba. Ko Filinge ban biya na yi sallama da tsofaffina ba.

Zangon farko Abijan. Wata bakwai ina sauke buhunan shinkafa a bakin teku, ni da aka sa makaranta don kada in ɗauki kaya a ka. Can na haɗu da wani ɗan ƙasarmu mai yawan turare da yawan rantsuwa. Ya ce yana da ƙane a Marsai ta Faransa mai gidan saukar baƙi, ya karɓi abin da ya karɓa, ya rubuta mini adireshi da kyakkyawan rubutu. Da na sauka Marsai na bi adireshin, sai ga ni a ƙofar shagon akwatunan gawa. Mai shagon, wani tsohon Bature mai rawar hannu, ya karanta takardar ya ce ni ne na huɗu da ya zo masa da ita. Ya ba ni kofi da burodi, ya raka ni har kwana ya nuna mini hanyar tashar jirgin ƙasa. Shi ina yi masa addu'a har yau, mai turaren kuwa ban yafe masa ba.

A Paris na faɗa wani gidan leburori a bayan gari, fuwaye suke ce masa, inda ƴan Mali da ƴan Senegal suka cika ɗakuna har kan matakala. Kwana biyu ina zaune kan akwatina ba wanda ya ce mini ci kanka. Rana ta uku na ji wani a madafa yana zagin risho da Hausar Kurfai, zagi irin na gida, mai haɗawa da uwar rishon da kakarsa. Ban san lokacin da na isa ƙofar madafar ba.

Dattijo ne fari-fari, siriri, ya haura hamsin. Na yi sallama ya juyo. Ya dubi fuskata, na dubi tasa, kowa ya gane kowa. Ni ina da tsagar gidanmu, dogaye daga gefen baki zuwa kunne, don kakana mahayi ne, cikin masu kai hari kafin zuwan Turawa. Shi kuwa gajeru uku ne a goshi, da guda a gicciye kan kumatun hagu. A ƙauyukanmu wannan ce tsagar da wanzami yake yi wa zuriyar waɗanda aka kamo a hari. An daɗe da hana bauta, amma tsagar tana nan a fuskokin mutane, kuma kowane yaro ya iya karanta ta.

"Ɗan wa kake?" ya tambaye ni.

Na faɗi sunan mahaifina.

"Na san gidan," ya ce. "Zamna ka ci tuwo."

Sunansa Nomau. Da a gida ne da gatsau zan kira sunan nan, komai furfurarsa. A Paris Kawu nake ce masa, shi yana ce mini Idi, zancen tsaga kuwa ba mu taɓa tayar da shi ba. Ya samo mini katifa ya shimfiɗa gefen gadonsa, ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa, ya koya mini shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da na dubi ɗan sanda a ido ba. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Filinge, kewa takan taso mini har in kasa magana. Sai ya sayo gero wajen ƴan Mali, ya dama fura da nonon Turawa, mu zauna muna zaga kasuwar da baki, daga wajen dabbobi har rumfunan masu tabarma. Furar ba ta da daɗi ko kaɗan, amma ban taɓa rage ta ba.

Damuwarmu ɗaya ce, takardar zama. Tawa ta karatu ce, ta shekara guda, karatun kuwa ban yi shi ba tunda ba mai ɗaukar nauyi. Saura wata biyu ta mutu, in ta mutu kuwa sai Yamai, inda sunana yake jirana a komisariya. Shi kuma shekara goma sha huɗu yana ɗaure ƙusoshi a masana'antar motoci, aka rage ma'aikata aka sallame shi, kuma ba a sabunta takarda sai da kwantiragin aiki. Yana da mata da ƴaƴa shida a gida, damina ta ƙi shekara biyu a jere, bakin gidan duka a wuyansa yake.

Shi ya jiyo labarin.

"Annasaru na biɗar baƙaƙe masu tsaga, za su yin silima," ya ce. "An ce wanda anka ɗauka ana ba shi kwantara ta wata ukku. Tashi mu tahi, Idi, ko Allah shi ba ɗayanmu."

Wani tsohon sito ne aka share, muka cika shi. A bango an manna shafukan littafin da za a mayar fim, irin littafin nan na zane-zane da ake sa wa mutane magana a cikin kumfa, wanda yaran Turawa har da iyayensu suke haddacewa. Labarin wani yarima ne na ƙasar rairayi, baƙin mutum, wanda ƙanen ubansa ya ƙwace wa sarauta. Mai zanen, aka gaya mana da alfahari, ɗan Beljik ne da bai taɓa taka Afirka ba, daga tsofaffin katunan hoto na zamanin mulkin mallaka ya kwafo mu. Ai kuwa mun ga alama. Ya naɗa wa mutum rawanin Buzaye, ya ɗaura masa fatar damisa, ya rataya masa gangar ƴan kurmi, ga giwa tana kiwo a tsakiyar hamada, ban san me take ci ba.

Wata madam mai tabarau ta jera mu, ba bisa tsawo ba, bisa baƙi. Tana riƙe da wani kati mai launi-launi irin na masu sayar da fenti, tana kara shi a kumatun kowa tana faɗin lamba, wani yana rubutawa. Na san dillalan shanu a kasuwar Abala, wallahi sun fi ta kunya, don su ko bijimi za su taɓa sai sun yi wa mai shi sallama. Masu haske ta tura su dama, su ne mutanen yarima, masu amana. Mu da muka fi baƙi ta tura mu hagu, mu ne dakarun azzalumin ƙanen uban nasa. Ba ta ma ɓoye ba. Ta ce haka yake a littafin, kuma masu karatu ba sa yafe canji.

Sai wani ɗan Gwadalup, ƙwararren ɗan wasa da ya yi shekaru a dandali, ya tambaye ta wa zai fito a yarima, tunda ga shi nan a bango baƙi ne. Ta ce an riga an bayar, ta faɗi sunan wani Bature da hotonsa yake kowace tasha. Ya ce to ina masu karatun da ba sa yafe canji? Ta cire tabarau ta ce wannan ba canji ba ne, shafa masa launi za a yi. Shi ɗan Gwadalup ɗin kuwa, ta ƙara da cewa, ya yi wa yarima baƙi, ya yi wa dakaru haske, ba ta da inda za ta sa shi. Mutumin ya ɗauki hularsa ya fita. Shi ɗan ƙasa ne, don Gwadalup ta Faransa ce. Mu masu neman takarda muka gyara tsayuwa.

Kwantiragin wata ukun ɗaya ne tak, na shugaban dakarun, wani ƙato marar magana da ke tsaye bayan azzalumin a kusan kowane shafi. Sauran duk aikin yini ne. Da layi ya matso da mu kusa da bangon na ga fuskar ƙaton sosai. Gajeru uku a goshi, guda a gicciye kan kumatun hagu. Wato ɗan Beljik ɗin ya tsinci hoton wani bawan Allah daga ƙasarmu, tsagar ta yi masa kama da ta mugunta, ya manna wa babban mayaƙi. Bai san me ya kwafa ba, kuma ba na jin ya taɓa tunanin akwai abin sani a ciki.

Da madam ta iso kan Nomau sai ta tsaya cak, ta aika aka kira mai shirya fim ɗin, wani gajere mai gyale a wuya. Suka kewaye shi, su dubi littafi su dubi goshinsa. Sai ta kara katin fentinta. Ta girgiza kai ta ce ya yi haske, kuma ya tsufa, ƙaton littafin baƙi ne wuluk. Gajeren ya waiwaya, idonsa ya sauka a kaina. Ya ce ga baƙin, ga tsawon, tsagar ce kawai ba daidai ba, amma wannan aikin masu kwalliya ne.

Tsagar da wanzamin gidanmu ya yi mini ranar sunana ita ce ba daidai ba. Ta ɗan Beljik ce daidai. Na ji haushin maganar, amma murnar takarda ta danne shi, ban tsaya na yi tunanin me za a zana mini a madadinta ba.

A hanyar komawa Nomau ya ce, "Alhamdu lillahi, ba ta hita gida ba." Har burodi mai sukari ya saya mana.

Hamadar tasu wani ramin haƙar yashi ne a arewacin Paris, da itatuwan dabino na roba, da raƙumi ɗaya da aka aro wajen masu wasa da dabbobi, mai tozo biyu, irin da babu shi a ƙasarmu. Ranar farko aka kira Nomau ma, aikin yini guda, don mai kwalliya ta ce zanen littafi bai ishe ta ba, tana son ta ga ta gaske. Aka zaunar da mu gefe da gefe cikin wata babbar mota mai madubai. A kujera ta uku ga Baturen da zai fito a yarima, ana shafa masa ruwan ƙasa-ƙasa har cikin kunne, an sa masa wani abu a ido don a ɓoye shuɗin, yana ta ƙorafin ƙaiƙayi. Ya juyo ya ce mana yanzu ya fara jin abin da muke ji. Launin da ya fito da shi, na tukunyar da ba ta gasu ba ne.

Mai kwalliyar ƴar Fotugal ce, mai sanyin hannu. Ta cike tsagata da wani abu kamar danƙo, ta shafe, ta tambaye ni a hankali ko da zafi. A duk wurin ita kaɗai ta taɓa tambayata wani abu. Sannan ta ɗauki ma'auni ta auna goshin Nomau, ta auna kumatunsa, tana ce masa ya ɗaga kai, ya juya nan, ya juya can. Yana yi. Ta dawo kaina da ɗan burushinta. Da ta gama ta juya kujerata wajen madubi.

Na ga fuskar da tun ina yaro aka koya mini in kira mai ita gatsau. Na miƙe, kujerar ta faɗi. Da Hausa na yi maganar, kuma da ƙarfi.

"Ni za a yi ma tsagar bayi? Ni? In wanga abu ya kai Hilinge, da wane ido ubana za shi hita kasuwa?"

Nomau yana zaune, kansa a ɗage yadda matar ta bar shi. Bai dube ni ba.

Gajeren mai gyale ya leƙo ya tambayi abin da ke faruwa. Madam ta ce da alama baƙin ba ya so. Ya dubi agogo ya ce ba shi da lokacin wannan. In ba ya so a sallame shi, a shafa wa tsohon baƙi, a sa masa takalmi mai tudu da auduga a kafaɗa, ai ma ya fi sauƙi tunda tsagarsa a shirye take. A mayar da kwantiragin sunansa.

Da Faransanci ya faɗa, da sauri, ni kuwa na yi makaranta. Na ɗaga kujerar na zauna. Na ce wa mai kwalliya ba komai, danƙon ne ya ja mini fata. Na gaya wa kaina Kawu bai ji ba, ai Faransancinsa na masana'anta ne, na miƙo guduma da ɗaure ƙusa.

Wata uku na yi da fuskar nan. Kowace safiya a shafe tawa a zana tasa, kowane maraice a wanke. Aikina in tsaya bayan azzalumi in zare ido. In gajeren ya ɗaga hannu in yi gurnani, in ya sauke in yi shiru, kuma sau da yawa yana cewa gurnanin bai yi kama da na Afirka ba, in sake. Wata rana aka kawo mai zanen kansa ziyara, tsoho ne da sanda. Ya zo ya shafa kumatuna ba ko sallama, idonsa ya cika da hawaye, ya ce daidai yadda ya halicce ni. Aka yi ta tafi. A ƙarshe yarima ya hankaɗo ni daga kan wata ganuwa ta kwali, na faɗa kan katifa sau goma sha ɗaya kafin mutuwata ta gamsar da su. Na samu takardata.

Nomau bai canza mini fuska ba. Yana dama fura ranar Lahadi, yana ajiye mini tuwo. Abu ɗaya ne kawai: tun ranar motar bai sake ce mini Idi ba. Ɗan maigida ya koma kirana, a gaban kowa, cikin ladabi, kuma duk lokacin da ya faɗa sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na sha shirya maganar da zan yi masa, in na buɗe baki sai in tambaye shi ko gero ya ƙare. Ya nemi aiki ko'ina, shara, wankin kwano, ɗaukar kaya, ba mai ba dattijo kwantiragi. Takardarsa ta mutu. Wata rana da la'asar na dawo daga ramin yashi na tarar da ƴan Mali sun yi jugum. An tare shi a bakin tasha, kwana uku bayan nan aka sa shi a jirgi da kayan jikinsa.

Na kalli fim ɗin da ya fito. Jaridu suka yi ta yabon jarumtar Baturen da ya jure zama ana shafa masa launi kullum, wai ya shiga ran Afirka. Ni a jerin sunaye na ƙarshe ba a ma sa sunana ba, mai tsaga kawai aka rubuta, kuma wannan ne abu ɗaya da na gode musu a kai.

Sai da soja suka koma bariki aka yi zaɓe na dawo gida. Mahaifina ya rasu shekara biyu kafin nan, da mutuncinsa. Ƙannena suka ba ni labari cewa fim ɗin ya zo Filinge a kaset, an nuna shi a gidan bidiyo na zana, mutane sun yi dariyar raƙumi mai tozo biyu har da riƙe ciki. Ba wanda ya gane ni. Abin da na yi wa ihu a mota, ko kusa bai faru ba.

Lahadin farko na shiga kasuwa na yi tambaya. Aka nuna mini can ƙarshe, wajen masu igiya. An ce gonar da ya saya da gumin Faransa ya sayar da ita shekarar da ya dawo, manyan ƴaƴansa biyu sun tafi bakin teku ba su sake waiwayowa ba. Yana zaune kan buhu yana tufkar igiya da tafin hannu a cinya, ya ƙanƙance, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi hanya, ya yi mini gaisuwar mahaifina.

"Silimarka ta zaka nan," ya ce. "Mutane sunka ce ni na. Da sunka ga an shahwa ma annasara baƙi, sai sunka ce ni ma shahwa mani anka yi. Har yau yara na ce mani ƙaton silima."

"Ba ka hwaɗa masu ba, Kawu?"

"In na ce ba ni ba na, sai a ce to wa na? Tsohonka na da rai lokacin. Na bar shi shi ci kasuwa tai."

Maganar da na yi shekaru ina ɗauke da ita ta taso, na ce, "Kawu, ranan nan cikin mota, abin da na hwaɗi..."

"Wanda ka hwaɗi ba komi na ba. Shi anka koya maka." Bai daina tufka ba. "Wanda annasaran ya hwaɗi, shi nika tunawa. Takalmi mai tudu, da abduga ga kahwaɗa. Shekara sha huɗu ina cikinsu, ɗan maigida. Na jiya da kunnena. Kuma na ga sa'adda ka ɗauki kujera."

Wani Bafillace ya tsaya yana taɓa igiyoyin, yana tambayar wadda za ta riƙe maraƙi. Nomau ya juya gare shi ya fara warware masa ɗaya yana ja don ya ga ƙarfinta. Na daɗe a durƙushe ina jiran su gama. Da na ga cinikin zai yi tsawo na miƙe don in yi sallama, sai na rasa da wane suna zan kira shi.